Gefen Usaini

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyar shafina. Na ga saƙonninku. Na ga masu tambayar ko an sa rana, na ga wadda ta ce in ajiye mata anko ko da a Malesiya za a yi bikin. Ku gyara zama dai, yau ba zancen anko na zo da shi ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Rufaida, 'yar Kano, ina digiri na biyu a kimiyyar wasanni a nan Kuala Lumpur. Ina zaune da yayana Ahmadu da matarsa Anti Indo a wani gidan bene a Pantai Dalam, inda za ki shanya atamfa a baranda da safe, ruwan la'asar ya zo ya sake wanke miki ita. Yaya na fama da digirinsa na uku, ni kuma na kusa kammalawa. Abin da Mama take nanata min a waya tun bara shi ne kada in dawo mata da kwali kaɗai. Ba ta taɓa zaɓa min kowa ba, ba zan ɗauki alhakinta ba. Cewa kawai take ƙannena biyu suna ɗakunansu, sai ta bar ni in ƙarasa sauran da kaina.

Ana nan sai ga Zahraddeen.

Ɗan masu hali ne, a Amurka ya yi sakandare, yanzu yana karatun kasuwanci a wata kwaleji mai zaman kanta. Na ɗan girme shi, kuma shi ya fara cewa wannan ba komai ba ne. Abin da ya kwaso daga Amurka hauka ɗaya ce, ƙwallon nan tasu mai siffar gwanda da ake riƙewa a hannu ana jifa. A nan ɗaliban kwalejoji suna buga mai sauƙin, wadda ba a kayar da mutum, ƙyalle ake ratayawa a ƙugu, in an fizge naka an tsayar da kai. Duk Lahadi suke haɗuwa a wani fili kusa da tafkin Titiwangsa, mutum bakwai-bakwai. Shi ne kyaftin, shi ne koci, shi ne mai tsayawa can baya a tsakiya yana gadin kowa. Bincikena ne ya kai ni wurinsu, ina neman 'yan wasan da zan auna gudunsu da juyinsu. Na je auna ƙafafu, na dawo gida ina murmushi ni kaɗai a cikin bas.

Wasu samarin idanu suke yabawa. Nawa kuwa, in mun zauna a mamak, wato teburin mai shayin nan ƙasar, bayan wasa, sai ya ture kofunan shayinsu na teh tarik gefe, ya tara murafen kwalba da cokula, ya fara jera min sahun tsaro a kan tebur. A makarantarsu ta can mutum goma sha ɗaya ne, ya ce, ko ka sa huɗu a gaba uku a tsakiya, ko uku a gaba huɗu a tsakiya, sauran su tsare baya. Amma gwanintar ba a jerin take ba, tana wajen ka nuna wa abokin gaba sahu ɗaya, ƙwallo na motsawa ka rikiɗe zuwa wani. Manyan jami'o'i suna da gwani a kowane gurbi, su yi ta sauyi yadda suka ga dama. Sakandare kuwa abin da unguwa ta haifa shi za ka yi aiki da shi, dole a samu mai nauyin ƙafa a ciki. Kocinsu ɓoye irin wannan yake yi a tsakiyar jama'a don kada a gane shi.

Ya ɗauki wani murfi da ya lanƙwashe, ya tura shi can gefen tebur shi kaɗai.

"Ni ba na ɓoye shi," ya ce. "Nuna shi nake."

Wannan murfin shi ne Usaini. Abokinsa ne tun suna yara, mutum mai jiki, mai gwiwa guda da ba ta da lafiya, mai fara'a kamar bai san ana ɓacin rai a duniya ba. Duk wasa sai Zahraddeen ya ajiye shi a gefen hagu shi kaɗai, gaban wanda ya fi kowa gudu a ɗaya ɓangaren. Mai jifan ƙwallo na abokan gaba yana ɗaga ido zai gan shi. Sai su yi ta jifa gefensa, su yi ta wuce shi, 'yan kallo suna shewa, Zahraddeen kuma yana daka masa tsawa da ƙarfi don kowa ya ji. Haka za a yi ta yi har mai jifan ya saki jiki, ya daina duba ko'ina sai gefen Usaini. A nan ne Zahraddeen zai ɗaga hannu, ya kama kunnensa na dama, ya ɗan ja. Akwai wani siririn ɗan Malay a cikinsu, Hafiz, da yake laɓewa a baya kamar bai iya komai ba. Ganin wannan hannu sai ya sulale, ƙwallo na sama ya cafe ta a gaban Usaini, ya tsere da ita har ƙarshen fili. Da wannan dabara suka cinye kwalejoji da yawa, har suka kai wasan ƙarshe na bana.

Ni ma na yi tafi, na yi tsalle, na ce saurayina ƙwaƙwalwa ce da shi. Da ya ga idona na karanta fili, sai ya miƙa min kiran sahu gaba ɗaya. Ina tsaye a bakin layi, kafin kowane bugu su bakwai sai sun waiwayo sun kalli hannuwana. In na ɗora hannu a ka, uku a gaba. In na rungume hannu a ƙirji, biyu a gaba biyu a baya. In na nuna mutum, ya san inda zai koma. Jan kunnen nan ne kaɗai ya riƙe wa kansa. Wata rana ina miƙa wa Usaini ruwa, gumi na zuba daga haɓarsa, na tambaye shi ko abin ba ya masa ciwo, a ce duk mako shi ne abin dariya. Ya yi murmushin nan nasa.

"Anti Rufaida, ai ni an gaya min tun farko. In ka san aikinka ne, da sauƙi."

Ku riƙe min wannan magana.

Saura mutum ɗaya da ban gabatar muku ba, Kamila. A nan aka haife ta. Babanta Bakano ne da ya daɗe a ƙasar, mamanta 'yar Malay ce mai kedai, wato shagon abinci, a Kampung Baru. Ita take kawo wa 'yan wasa yankakkiyar kankana a kula, cikin doguwar rigarsu ta Malay da ɗan hijabi, ta zauna a benci ba ta ce da kowa komai ba. In ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ta matsa ta yi Hausar kuma sai ka ji tausayin harshen. Zahraddeen ko kallonta ba ya yi. Ya ma taɓa gaya min Ummansa ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da wadda aka haifa a waje ba, wadda ba ta san tuwo ba balle gaisuwa. Don haka ban taɓa sa ta a lissafi ba.

Sai labari ya zo cewa Umman tasa, Hajiya Sharifa, za ta zo duba idonta a wani asibiti, kuma tana son ganina. Zahraddeen ya zo gida da kansa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Yaya, ya sha zoɓon Anti Indo, ya ce shi da gaske yake. Yaya bai yi wata-wata ba ya kira Baba. Mama ta karɓe wayar, na ji guɗarta tun daga Kano har falonmu. Washegari ta turo min hoton wasu kwanukan tangaran da ta gani a kasuwa, tana tambaya farare nake so ko masu zanen fure.

Kafin zuwan Hajiya, Zahraddeen ya roƙe ni abu biyu, kuma duka na yi su bakina har kunne.

Na farko, ranar wasan kusa da na ƙarshe ya kawo min kyauta, wandon 'yan wasa da hular hana-sallah da sunana a jiki. Ya ce in ɗora hular a kan hijabi, yau ni ce koci sosai. Da ma doguwar riga nake sawa a fili, amma ranar na saka. Da aka fitar da shi ya ɗan huta, sai ya zaro waya yana ɗaukata ina ihu, ina tsalle, ina nuna maza da yatsa. Ya ce wannan zai ajiye wa 'ya'yanmu su ga uwarsu.

Na biyu, ya ce a kedai ɗin maman Kamila za a ci abincin haɗuwata da Umma, kuma Kamila ce za ta kawo, in taimaka in koya mata gaisuwa don kada Umma ta ji baƙunta. Ya ƙara da cewa Umma ba ta jin ta ci abinci in ba ta kora da kunun gyaɗa ba. To, 'yan uwa, a falonmu na zaunar da yarinyar nan. Na koya mata yadda ake durƙusawa, gwiwa biyu a ƙasa, ido a kan tabarma. Na sa ta maimaita "sannu da zuwa Umma, ya gajiyar hanya" har harshenta ya miƙe. Na shiga da ita kicin na nuna mata yadda ake tace gyaɗa, lokacin da ake zuba shinkafa, da yadda ake ɗiga tsamiya kada ya tsinke. Anti Indo tana jingine da ƙofa tana kallonmu, ta ce ni dai kirkina ya yi yawa. Na yi dariya na ce ai ladan nawa ne.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, tun da hantsi gidanmu ya kaure da turaren wuta. Anti Indo ta riga ta zana min lalle a hannu da ƙafa. Na saka atamfata shuɗiya mai ratsin ruwan gwal, ɗinkin riga da zani, na yafa mayafi babba har gwiwa, kwalli kawai na sa da ɗan man leɓe. Yaya ya ciro farar shaddarsa da yake ajiya don ranar da za a ba shi digiri, ya ce yau ma ranar ce. Muka hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, muka sauka Kampung Baru, yana ta ba ni labarin yadda ya yi rawar baki ranar da ya je gaban baban Anti Indo, don in saki jiki.

Mun same su a teburin ciki, ƙarƙashin fanka. Hajiya Sharifa na zaune cikin leshi ruwan toka, sarƙar gwal har ƙirji, da baƙin tabarau saboda maganin da aka ɗiga mata a ido. Zahraddeen na gefenta cikin kaftani, ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Na durƙusa na gaishe ta. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara jin sanyin tayil.

"Ke ce kocin?" ta ce.

Ban gane ba tukuna, na ce na'am. Ta buɗe jaka, ta ciro waya, ta ajiye a tsakiyar tebur, ta ƙure murya. Sai ga muryata ta cika kedai ɗin, ina kiran sunayen maza ɗaya bayan ɗaya, ina ihun a koma baya. Ga ni nan cikin wando da hana-sallah, ina tsalle, wani ɗan wasa ya zo muna tafawa ta iska. 'Yan Malay da ke teburin kusa suka juyo. Ta bari ya ƙare, ta sake kunnawa daga farko.

Daga nan ta fara tambaya, a hankali, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta tambayi shekaruna, da na faɗa ta juya ta kalli ɗanta. Ta tambayi sana'ar Baba, da Yaya ya ce malamin firamare ne ya yi ritaya ta ce Allah ya ba da lada. Ta ce ranar fili ce ta ƙona ni haka ko da ma haka nake. Sannan ta bar ni, ta juya kan Yaya.

"Malam, kai ne amanar tana hannunka, ka bar ta tana tsalle a cikin maza?"

Yayana mutum ne da ba a rasa magana a bakinsa. Ranar na ga yatsunsa suna murza bakin shaddar nan, ya ce, "Hajiya, karatunta ne."

"To ta auri karatun."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi ƙuna, amma ban karaya ba. Na ce a raina yanzu Zahraddeen zai yi magana. Mutumin da aikinsa ke nan a fili, ya tsaya a baya ya rufe wa kowa ɓaraka. Na ɗago ido ina jiran ya buɗe baki. Hajiya ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta ce da ta ga wannan a ɗakin ɗanta, gara ya kawo mata ko 'yar waye, daga ko'ina take, in dai ta san kunya.

Zahraddeen ba ni yake kallo ba. Ƙofar kicin yake kallo. Ya ɗaga hannu, ya kama kunnensa na dama, ya ɗan ja.

Jikina ya riga kaina ganewa. Lahadi nawa na yi a bakin layi ina jiran wannan hannu, ina jin daɗi in na gan shi. Labulen kicin ya motsa, Kamila ta fito cikin doguwar riga ruwan hoda, riƙe da kwano a kan faranti. Ta zo daidai gefena ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ido a kan tayil.

"Sannu da zuwa Umma. Ya gajiyar hanya?"

Ko harafi ɗaya ba ta karya ba. Hajiya ta leƙa kwanon, ta ɗebi cokali guda, fuskar da ta ɗaure tun shigowarmu ta saki. Ta tambayi 'yar waye wannan. Zahraddeen, wanda ya rasa baki tun ɗazu, ya samu baki nan take. Ya ce ai babanta Bakano ne, ɗan Yakasai, a nan dai aka haife ta amma ba ta fita ko'ina, daga makaranta sai taya mamanta aiki. Hajiya ta kamo hannunta ta zaunar da ita a kujerar da aka ajiye domina, ta tambaye ta wa ya koya mata kunu haka. Kamila ta saci kallona sau ɗaya, ta ce Anti Rufaida ce.

"Ashe dai tana da amfani," Hajiya ta ce, ta ƙara ɗibar cokali.

Yaya ne ya miƙe ya ce in tashi mu tafi. Har lokacin ina durƙushe, na manta.

A jirgi bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Muna tsaye muna riƙe da ƙarfe, ya ce in yafe masa, shi ya yi gaggawar kiran Baba. Can kuma ya tambaye ni wa ya ba matar nan bidiyon. Na ce ban sani ba. Na sani sarai, waya ɗaya ce ta ɗauke shi, kuma ban taɓa ganinsa a shafin kowa ba. Anti Indo ta buɗe mana ƙofa da guɗa a bakinta, ta kalli fuskar mijinta, ta haɗiye ta.

Ina cire ɗankunne Mama ta kira. Na so in ƙyale, amma na san ta tun safe tana riƙe da waya. Ta tambaye ni ya surukar tata, ta so ni kuwa? Ta ce ta fa yanke shawara, masu furen ta saya. Na ce mata, "Mama, ta ce ina da amfani." Mama ta ce alhamdu lillahi, ai babu yabon da ya fi wannan. Na kasa gyara mata. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Yaya ya ji, na yi kuka har lallen hannuna ya koma min abin haushi.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo, guda biyu a jere. Na farko ya ce in yi haƙuri, na dai ga Umma da idona, ya yi iya ƙoƙarinsa amma ba zai iya saɓa mata ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na biyu ga shi yadda ya rubuto:

"Next Sunday fa final ne. Umma ma za ta zo kallo. The boys need you, ba wanda ya iya kiran sahu kamar ke. Boleh?"

Boleh a yaren Malay shi ne "zai yiwu", da shi ake tambaya, da shi ake amsawa. Ban amsa ba. Usaini na kira. Yana ɗagawa na ji muryarsa ba fara'a, na gane labari ya riga ni. Na tambaye shi tun yaushe ake maganar Kamila. Ya ce tun kafin in zo auna su. Na tambaye shi su waye suka sani. Ya ce duk wanda yake shan kankana.

"Kuna kallona duk Lahadi, Usaini."

"Wallahi Anti mun ɗauka an gaya miki. Mun ɗauka taimako kike yi." Ya ja numfashi. "Ni ai an gaya min."

Na kashe wayar na zauna a bakin gado, ruwan yamma na dukan gilashin taga, atamfar da na shanya da safe tana can tana jiƙewa. Kwamfutata na buɗe a kan tebur, da sakamakon awon da na yi musu. Ni na auna ƙafar kowa a cikinsu. Na san wanda yake da gudu, na san wanda yake da juyi, na kuma san wani kyaftin da idon sawunsa na hagu ba ya yarda ya juya da sauri, shi ya sa yake tsayawa can baya a tsakiya inda ba mai gwada shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a lokacin ina ganin rufin asirinsa nawa ne.

Na ɗauki waya na rubuta masa kalma ɗaya: "Boleh."

Ranar Lahadi Ummansa za ta zauna a benci, Kamila na gefenta da kular kankana. Mutum bakwai za su waiwayo su kalli hannuwana kafin kowane bugu, su tafi inda na tura su ba tambaya, don shi ya koya musu haka. Usaini zan mayar tsakiya, gwiwarsa ta huta. Gefen hagu kuma, gaban wanda ya fi kowa gudu, na riga na san wanda zan ajiye shi kaɗai. Kuma ni ma ba zan gaya masa ba.